Girmay ya canza ƙungiya, ga amsar tambayarka

Toh yarona, na ga saƙonka tun bayan la'asar, hannuna duk baƙin mai ne shi yasa ban taɓa waya ba sai yanzu. Kace ka gani a Facebook ɗan tseren keken nan Biniam Girmay ya bar ƙungiyar Intermarché ya koma wata wai ita NSN, kana tambaya ko zai ƙara gaba ko shikenan tashi ta ƙare, sannan ka ƙara da cewa ai keke keke ne, ƙafarsa ce dai zata taka feda, meye ruwan ƙungiya a ciki. Wannan ta biyun ita ta sa na zauna rubutu, don bai kamata ta fito daga bakin mai koyon gyaran keke ba.

Yaron nan ɗan Eritiriya ne, a Asmara aka haife shi a 2000, garin da ke kan tudu sama da mita 2,300, kaga tun yana ƙarami huhunsa ya saba da ƙarancin iska. Kuma ba yau ya fara sauya sheƙa ba. Da yana wata ƙaramar ƙungiyar Faransa mai suna Delko, kuɗi suka ƙare musu a 2021, Intermarché ta Beljiyam ta ɗauke shi a tsakiyar shekarar. Kafin shekara ta zagayo ya ci Gent-Wevelgem, wani babban tseren yini ɗaya a Beljiyam, a Maris 2022, a watan Mayu ya ci zango na 10 a Giro, babbar gasar zagaye Italiya da ake yi zango-zango kowace rana, inda ya kada Mathieu van der Poel, ranar ce ma murfin kwalba ya buge shi a ido a kan dandamali dole ya janye daga gasar. A 2024 kuma ya ci zango 3 a Tour de France, irin wannan gasar ta Faransa, ya tafi da koriyar riga da ake ba wanda ya fi kowa tara maki, abun da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba. Ƙafar da yake da ita a Delko ita ya kai Intermarché, amma a can ne ya samu mutanen da aka ce musu ku yi wa wannan yaron aiki.

Ka san masu kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis a kan Phoenix, in iskar hunturu ta taso daga arewa tana dukan su a ƙirji, ka lura yadda suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya, na gaba yana nishi na baya yana ta hira abinsa? To tseren titi kenan gaba ɗayansa. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. A Tour de France mutum 8 kowace ƙungiya take sakawa, zango 21 ake yi, kuma a cikin takwas ɗin nan mutum ɗaya ko biyu ne aka zo dominsu, sauran 'yan dako ne, su sha iska, su koma wajen mota su ɗebo ruwa, in tayar oga ta yi faci wani ya sauka ya miƙa masa kekensa. Irin su Girmay masu fizgar ƙarshe sun fi kowa buƙatar wannan, domin a kilomita na ƙarshe ana gudun sama da 60 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa, dole a samu wani gwani ya ratsa da shi cikin cunkoso ya ajiye shi a gaba saura kamar mita 200 sannan ya kauce. A 2024 yana da Mike Teunissen ɗan Holan yana masa wannan aikin, da shekara ta ƙare Teunissen ya koma Astana, a Tour na 2025 Girmay ya zo na biyu a zangon farko a Lille bayan Jasper Philipsen, har aka tashi bai ci zango ko ɗaya ba, Jonathan Milan ya ɗauke koriyar rigar. Ban ce rashin mutum ɗaya ne kaɗai sanadi ba, amma duk mai kallo ya ga sau nawa yake laluben hanya shi kaɗai.

Shi yasa in ɗan tsere ya canza gida tambayar farko ita ce, a matsayin wa aka ɗauke shi, oga ko ɗan dako. Albashi na baya ne. Dubi Tom Pidcock na Ingila, ƙarshen 2024 ya bar Ineos mai tarin kuɗi ya koma Q36.5 wadda ko ajin farko bata ciki, mutane suka ce ya yi wauta, Tour na 2025 ma ba a gayyace su ba, amma a can shi ne mai gida kowa shi yake wa hidima, a Vuelta ta Sifaniya ya zo na 3 bayan Vingegaard da Almeida, bai taɓa kaiwa nan ba a manyan gasa irin su Tour, Giro da Vuelta. Sai ka dubi Cian Uijtdebroeks ɗan Beljiyam, yaro ƙarami ya zo na 8 a Vuelta 2023, ya bar Bora ya tafi Visma inda manya suka cika gida, ga rashin lafiya ta sa shi gaba har ya janye daga Giro 2024, shekara biyu kawai yayi ya tattara ya koma Movistar. Babban gida ba kullum yake yi wa yaro rana ba.

Shi Girmay tafiyarsa ta zo ne daidai lokacin da Intermarché ta haɗe da Lotto suka zama ƙungiya ɗaya, kuma doka bata yarda ƙungiyar ajin farko ta wuce mutum 30 ba, kaga dole wasu su nemi wani wajen. NSN ɗin ma ba sabuwa bace fil, ita ce da ake kira Israel-Premier Tech aka canza suna da masu ɗaukar nauyi, har da hannun Iniesta na Barcelona a kamfanin, nasan wannan sunan dai ka sani tunda ƙwallo ta fi shiga kanka. Kwantiragin shekara 3 suka bashi, kuma ba ɗan dako suka ɗauko ba.

Yanzu mu zo ɓangarenmu, inda kace keke keke ne. Canza ƙungiya canza keke ne, domin kowace ƙungiya da kamfanin da ke bata kaya, a Intermarché Cube yake hawa, yanzu wani ƙira ne daban, sirdi daban, hannu daban, wani lokacin har feda da takalmi. Mutumin da ke zama a kan sirdi awa 5 ko 6 a rana, kilomita wajen 30,000 a shekara, in aka ɗaga masa sirdi da milimita 5 kacal gwiwarsa sai ta gaya masa kafin sati biyu, in aka saukar kuma gaban gwiwa ya ɗauka, in hannu yayi nisa baya da wuya su riƙe. Takalmin nasu maƙalewa yake a feda da wani ɗan roba da ake ɗaurawa a ƙasa da noti, ƙafa bata da damar gyara zama da kanta sai ɗan kaɗan, in makanike ya karkatar da shi kaɗan to haka ƙafar zata yi ta juyawa a karkace sau dubbai a rana. Don haka abun da makanikan sabuwar ƙungiya suke fara nema shi ne takardar awonsa, daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi nawa ne, daga hancin sirdi zuwa hannu nawa ne, hannun ya yi ƙasa da sirdi da nawa, sai su maida waɗannan lambobin kan sabon firam. Kuma ko an dace da lamba jiki sai ya ɗau lokaci, domin yadda keke yake shan kwana da yadda yake amsawa in an miƙe an take shi ba ɗaya bane daga ƙira zuwa ƙira. Shi yasa suke tafiya sansani a Sifaniya tun Disamba, ana hawa ana gyarawa.

Firam ɗin nasu kabon ne ba ƙarfe ba, doka ta ce kada keke ya gaza kilo 6.8, kuma kabon baya lanƙwasa ya baka haƙuri irin Raleigh, tsagewa yake. Irin ɗaurin da kake yi, ka kama sifana ka danne da duk ƙarfinka har sai noti yayi ƙara, wallahi a can rana ɗaya zaka yi a sallame ka. Da sifana mai awo suke ɗaure notin sirdi, ta kai inda aka saita tayi ƙas, a tsaya. Giya da batir take shiga, birki na faifai ne da mai a ciki, taya babu tif sai wani ruwa da yake toshe huda da kansa. Kullum da dare sai sun wanke keke sun duba sarƙa da birki ɗaya bayan ɗaya, da rana kuma makanike yana kujerar bayan mota rungume da taya, in aka yi faci ya dira ya canza cikin 'yan daƙiƙu ya tura mutum. Ɗan tseren da bai gama yarda da hannun da ya ɗaura masa birki ba, a gangaren dutse sai ya riƙa taɓa birkin tun kafin kwana, kuma a nan ake barin mutum a baya. Wannan yardar ba a sa hannu a kanta a kwantiragi, sai an zauna tare.

Ra'ayina kan Girmay, ina masa kyakkyawan zato amma ba irin na 'yan Facebook ba. Shekara 25 zuwa 26 yanzu ƙarfi yake cika. Sai dai a shimfiɗaɗɗen titi in aka jera shi da Milan da Tim Merlier, su sun fi shi ɗanyen ƙarfi, ko wace riga ya saka. Inda yake cin kasuwarsa shi ne ƙarshen da ke da ɗan hawa bayan an sha wahala duk an gaji, irin wanda ya ci a zango na 8 a Tour na 2024. In sabbin iyayen gidansa suka gane haka suka zaɓar masa tseren da ya dace da shi suka bashi mutum biyu uku tsayayyu, zai ci. Kada ka yanke hukunci da tseren farkon shekara, lokacin ana sabo ne, ka jira na Beljiyam a Maris da Afrilu, sannan Tour da zai tashi daga Barcelona a Yuli 2026. In kana kallo a waya ka daina bin fuskarsa kaɗai, saura kilomita 3 ka ƙirga masu riga irin tasa nawa ne a gabansa.

Gobe in Allah ya kaimu ka riga ni zuwa rumfa, keken tseren nan da malamin makarantar sakandare ya kawo a canza masa boris, kafin ka kwance komai ka ɗauki tef ka auna tsayin sirdin ka rubuta a kwali, ka naɗa salatif a sandar daidai inda ta shiga firam. Yace gwiwarsa ta dama tana damunsa, ina so in ganshi a kai da idona, diddige a kan feda, kafin mu taɓa komai.