Tambaya da Amsa: Tsutsar da ɗana ya kama ta mutu a gwangwani

Tambaya: Salam Anti. Ɗana ne ɗan aji huɗu, malaminsu ya ce musu wai tsutsa ce ke zama malam buɗe littafi, shi ne ya je bayan gida ya kamo guda biyu a jikin tumfafiya, masu zanen baƙi da fari da rawaya, ya sa su a gwangwanin madara yana ba su alayyafo da kabeji, kwana uku duk suka mutu. Yanzu ya ishe ni sai mun sake, ni kuwa wallahi tsoronsu nake ji. Ya za mu yi?
Daga wata uwa, Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yaro. Yunwa ce ta kashe su, ga abinci a gabansu amma ba nasu ba ne. Tsutsar tumfafiya ba ruwanta da kabeji, gara ta mutu da ta ci, don haka ganyen da kuka same ta a kai shi za ku dinga tsinko mata sabo kullum. Dafin ganyen ma tara shi take a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ba sa son cinta. Ita ba ta cizo, ki kwantar da hankali, abin tsoron shi ne farin ruwan nan na tumfafiya mai kama da madara, in ya shiga ido akwai matsala sosai, ke ki tsinko ganyen da kanki ki wanke hannu da sabulu.

Ku bar gwangwani. Ki samu roba mai faɗi wadda ake hango ciki, a shimfiɗa takarda a ƙasa saboda kashi (za ki sha mamakin yawansa, kullum sai an zubar), a jingina ɗan kara a ciki, a rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro a ɗaure. A ajiye a inuwa, ranar Gombe minti kaɗan ta dafa ta, a ɗora robar cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi, kuma ɗakin da ake kunna maganin sauro ko fesawa kar ta kwana ciki.

Sau huɗu take saɓa tana ƙara girma, in kin ga ta yi shiru ba ta ci a ƙyale ta. Ranar da ta haye sama ta rataye kai ƙasa ta lanƙwashe kamar ƙugiya to lokaci ya yi, kafin kwana ɗaya za ta koma ɗan ƙunshi kore ko ruwan hoda mai ɗige-ɗigen zinare, kyakkyawa kamar ɗan kunne. Nan ne aikinki, hana yaron taɓawa, don na san yara. Sati ɗaya zuwa biyu malam buɗe littafin zai fito, galibi da safe, fukafukai a cukuikuye, kar ku ce nakasasshe ne, ku bar shi a rataye awa biyu zuwa uku su miƙe su bushe sannan ku buɗe masa a tsakar gida. Launin lemu ne da baƙin gefe, na yankinmu fukafukan baya fari ne.

In akwai bishiyar lemun tsami kusa ku duba ganyenta ma, akwai wata mai kama da kashin tsuntsu tana ƙarama, daga baya ta zama koriya, ita ke ba da babban malam buɗe littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Ta cikin masara kam kar ya wahalar da kansa, ƙasa take shiga, abin da ke fitowa irin masu zagaye fitila da dare ne.