Aikin jirgin LCS-122 a yaƙin Okinawa

Malam, ka tambaya ko ƙananan jiragen ruwan yaƙin Amurka da ake kira LCS sun yi wani abin a zo a gani a Yaƙin Duniya na Biyu, ko kuwa rakiya kawai suke yi wa manyan jirage. Lallai sun yi, kuma tarihin LCS-122 ya isa shaida.

An ƙera irin waɗannan jirage guda 130, kowanne tsawonsa kimanin mita 48, domin su matsa dab da gaɓa su yi wa abokan gaba ruwan rokoki kafin sojoji su sauka ƙasa. A tsibirin Okinawa na Japan kuwa sai aka tura su can gaba su yi gadi tare da manyan jirage, inda matuƙan jiragen saman Japan 'yan ƙunar baƙin wake suka fi kai farmaki.

Ranar 10 ga Yuni, 1945, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna William D. Porter ya nutse bayan irin wannan hari, kuma LCS-122 na cikin jiragen da suka kwashe mutanensa, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Washegari wani jirgin saman Japan ya afka wa LCS-122, wuta ta tashi. Kwamandansa, Laftana Richard McCool, ya ƙone ya kuma ji munanan raunuka, amma ya ci gaba da jagorantar kashe gobarar, har ya fito da mutanen da wuta ta ritsa da su. Jirgin bai nutse ba, kuma Shugaban Amurka Truman ya ba McCool lambar jarumta mafi girma ta sojojin Amurka, wadda a ganina ya cancanta ƙwarai.