Tsohon fin ba ya komawa jikin jirgi

Ka ce me ya sa na hana ka miƙe tsohon fin, ɗan tsinken ƙarfen nan da ake cusawa a ramin kusa don kada noti ya warware, ka mayar tunda bai karye ba, kuma don me sai wani ya sake duba aikin da ka gama. Ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu kunne ɗaya na wurin mai magana, ɗaya na cikin waya, shi ya sa ake faɗa muku abu sau goma.

Yadda ake ɗaure noti da spanar awo ba zan tsaya a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma gyaran keke. Fin dai ƙarfe ne mai laushi, an yi shi don a lanƙwasa shi sau ɗaya. Ka miƙe shi ka sake lanƙwasawa, ya riga ya gaji a gwiwar, ko da idonka bai ga tsaga ba. Ga jijjiga. Ɗauki jirgin koyo Bulldog, mai injin Lycoming mai silinda 4, ƙarfin doki 200: muddin farfela na juyawa, kowane noti a jikinsa neman hanyar warwarewa yake.

Ni na koyi aiki a kan jirgin Piaggio da Jamusawa suka kawo, wurin mutanen da ke kirga spana kafin kowa ya tafi gida. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ina kofur mai igiya biyu, aka ba ni wani jirgin koyo in canja sandar da ke motsa fiffiken wutsiya, wanda ke ɗaga hancin jirgi ya kuma sunkuyar da shi. Ranar Juma'a ce, mai sito ya kulle ya tafi masallaci da wuri. Na ce a bari sai ya dawo. Sajan ɗinmu ya tsinci tsohon fin a ƙasa, ya miƙe shi da filaya, ya cusa da hannunsa. Na ce Oga, wannan bai halatta ba. Ya ce ni ne sajan ko kai? Ya turo mini takarda, na sa hannu. Wanda ya kamata ya yi duba na biyu kuwa, a ofis ya sa nasa hannun, ko murfin wurin da aka yi aikin bai buɗe ba.

Jirgin ya yi makonni yana tashi lafiya, har na manta. Wata safiya malami da ɗalibinsa suna zagaye, su taɓa titi su sake tashi. A zagayen ƙarshe sun miƙo za su sauka, ina tsaye bakin rumfar jirage da tsumma a hannu, sai na ga hancin ya sunkuya bai ɗago ba. Injin na aiki sumul har ƙasa. A wannan tsayin ba laimar da za ta ceci kowa. Su biyun nan take, Allah ya jiƙansu. Ɗalibin yaro ne mai ladabi, ba ya hawa jirgi sai ya gaishe mu. Da mahaifinsa ya zo daga ƙauye karɓar akwatinsa, ni na ɗora masa a mota, na kasa haɗa ido da shi.

Masu bincike suka tono wutsiyar, suka sami kusar ta zame, notin can gefe, da guntun fin. Sajan ya dafa ƙirji ya ce shi bai taɓa jirgin ba. Mai duba na biyu aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Ni da na ce kada a yi, ni aka cire wa igiya, don sunana ne a layin farko. Mutumin nan ya yi ritaya da girmansa, har ya mutu bai ce mini yi haƙuri ba. Igiyar na mayar da ita da gumina, amma ƙaryar da ya yi a gaban kwamiti har yau tana ci mini rai.

To kai da kake jin haushi don na ce a sake duba aikinka, wa ka fi? Ni da furfurata, in na taɓa abin da ke juya jirgi, sai na kira wani ya haska tocila ya taɓa da yatsansa. Tashi ka je sito ka karɓo sabo daidai da ramin. Tsohon kuma ka datse shi biyu ka jefa a kwandon shara, kada wani ya tsinta. Kada ka rufe murfin sai na zo na gani.