Tambaya da Amsa: Tunda mun koma kilawud, sai mu kashe saba ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Databes (rumbun adana bayanai) ɗinmu na manhajar PostgreSQL a kan saba (kwamfutar da ke riƙe da shi) biyu yake, ɗaya na aiki ɗaya na kwafa tana zaman ko-ta-kwana. Yanzu mun koma VM (kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wani babban inji) a kilawud (injinan wani kamfani da ake haya ta intanet), oga ya ce a kashe ta biyun kuɗi kawai take ci, wai ko inji ya mutu VM zai tashi da kansa a wani. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar oga akwai ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba. Eh, in injin da VM ke kai ya mutu za a tayar da shi a wani, sai dai tayarwar kamar an zare wa kwamfuta wuta ne an mayar, sai ta gama buɗewa, sai databes ya bi log ɗinsa (rajistar ayyukansa) ya gyara aikin da aka bari rabi, kai kuma kana zaune wayarka sai ruri take. Kuma fa galibi injin kawai ake gadi, ba abin da ke cikinsa ba. PostgreSQL ya sandare ko diski ya cika, a wajen masu kilawud ɗin lafiya lau tunda VM na numfashi. In kuwa bayanan kan diskin ne suka lalace, to lalataccen nan za a sake ɗora maka.

Nuna wa oga alƙawarin AWS (kilawud ɗin kamfanin Amazon) da kansu kan yawan lokacin da saba za ta kasance tana aiki: saba guda 99.5% suka ce, wato ta kwanta wajen awa 3 da rabi a wata ba su saɓa ba. 99.99% sai ka raba sabobinka a cibiyoyinsu biyu, ka ga an dawo kan saba ta biyun da yake son kashewa. Kilawud ɗin ma ai gini ne da wayoyi, a Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin kilawud na OVH a Strasbourg ta Faransa, masu kwafi a wurin kaɗai da yawa sun tashi a tutar babu.

Af, saba ta biyu ba bakof (kwafin da ake ajiyewa a gefe don dawo da bayanai) ba ce, ka goge teburin bayanai bisa kuskure nan take ita ma ta goge, kamfanin manhaja na GitLab sun yi asarar bayanan wajen awa 6 a 2017 bayan goge databes bisa kuskure. Bakof daban, kuma a riƙa gwada dawo da shi.

Ka tambayi oga a rubuce: minti nawa zai jure a kwance, bayanan minti nawa zai yarda su salwanta? In ya ce awa guda ba komai, kashe ta. In ya ce ko minti biyar a'a, to ya biya.