Takardar sakamakon da uwa za ta duba ta san inda ɗanta ya tsaya

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kina son sauya fasalin takardar sakamakon firamarenku, domin iyaye ba sa duba komai sai "na nawa ya zo?", sannan su linke ta su jefa a durowa, kuma kin tambaya me za a cire, me za a ƙara. Na daɗe ina riƙe da aji, daga baya na koma ofis ina sa hannu a kan waɗannan takardu, to ga abin da na gani.

Iyaye ba su da laifi. Ki duba takardar da idon uwar da bokonta bai yi nisa ba: darussa jere har ƙasa, gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, jarrabawa, jimla, harafi, duk da Turanci. Matsayin yaro a aji ne kaɗai abin da za ta iya kamawa, shi ya sa ta kama shi. Shi kuwa matsayi yana yaudara ƙwarai. Yaro zai iya zuwa na 3 a ajin da kusan kowa bai iya karatu ba, a yanka masa kaza a gida, alhali jimla ɗaya ta Hausa ta gagare shi. Wata kuma ta tashi daga maki 35 zuwa 55 a lissafi, amma tana nan can ƙasa a jeri, ta koma gida a tare ta da faɗa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

A makarantar allo ba a samun wannan ruɗani. Ki tambayi kowane uba, zai ce miki ɗansa ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, ko ya kai Sabbi, ko ya haye Amma. Ya san inda yaron yake, ya san abin da ke gabansa. Wannan ya kamata takardarmu ta ba shi.

Hanyar kuma tana nan. Tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, an kuma yi aiki da shi a Borno da Kano, ya kasa karatu mataki biyar: wanda bai fara gane harafi ba, mai gane harufa, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, sai mai karanta labari. Lissafi ma haka, daga gane lambobi zuwa tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Ki zana matakan a saman takardar da Hausa, malamin aji ya sa alama inda yaro yake a zangon da ya wuce, da inda yake yanzu. 'Yan mintuna gwajin yake ɗauka, yaro ɗaya bayan ɗaya. Makin kowane darasi ma ki ajiye na zangon baya kusa da na yanzu.

Sai gurbin sharhin malami, inda aka fi yin sakaci. "Ya ƙara ƙoƙari" ba ta gaya wa kowa komai. Jimla biyu sun isa, ɗaya abin da yaro ya iya, ɗaya abin da za a yi a gida. Misali: "Tana karanta kalmomi masu gaɓa biyu, amma tana rikita b da ɓ, d da ɗ. A sa ta karanta layi biyar a fili bayan Magariba, ko da yayarta ce za ta saurara." Na san aiki ne ga mai yara saba'in a aji, don haka kada a bar shi sai daren rabon sakamako. A fara rubutawa tun tsakiyar zango.

Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da gwajin da ake yi wa yara a kai a kai cikin zango, wanda ya haɗa har da hali da aikin hannu. Abin da ya zama a yawancin makarantu shi ne dogon jeri na tsafta, ladabi, gaskiya, a bi a cike da maki 4 da 5 ba tare da an tuna fuskar yaron ba. Ki rage su zuwa uku da malami zai iya shaida da idonsa. Amma kwanakin zuwa makaranta a rubuta su ɓaro-ɓaro: an buɗe kwana kaza, ya zo kwana kaza. Sau da yawa a nan uba yake fara sanin ranar kasuwa da aikin damina sun cinye wa ɗansa zango.

Matsayi kuwa kada ki cire shi lokaci guda, iyaye za su zaci ana ɓoye musu wani abu. Ki mayar da shi ƙasa, ki sa matsakaicin makin aji kusa da shi. Su A1 da F9 ma'aunin WAEC ne, ɗan aji biyu ba ya bukatarsu.

Kafin ki kai wurin bugawa, ki kira iyaye mata kaɗan daga ƙungiyar iyaye da malamai, har da wadda ajami kawai take karantawa, ki miƙa musu samfurin ba tare da bayani ba, ki ce su gaya miki yadda yaron yake. Duk inda suka tsaya suna dubanki, nan ne za ki gyara. Waɗanda ba za su samu zuwa ranar karɓa ba, malamin aji ya tura musu gajeren saƙon murya ta WhatsApp. Takardar kuɗin zango mai zuwa kuma a ba da ita daban, domin idan tana manne a ƙasa, can idon uba zai fara sauka.