Alhaji, na yi irin wannan jiran, ga yadda ta kaya da ni

Assalamu alaikum. Alhaji, tun bayan sallar asuba na karanta tambayarka, na so in wuce in bar wa masana, amma zuciyata ta ƙi, domin ramin da kake tsaye a bakinsa na taɓa faɗawa cikinsa. Ka ce kana son sabuwar mota mai jan taya huɗu saboda hanyar gonarka, dillali ya ce Hilux ɗin da kake so sai ka ajiye kafin alƙalami ka jira wata shida zuwa takwas, ga kuma wata ƙirar daban a ajiye wadda za ka iya ɗauka gobe, kana tambaya ko ƙarkon motar ya kai a yi masa wannan jira.

Ni a watan Maris na 2023 na ba da nawa kuɗin. Ina da tsohuwar Hilux mai injin fetur 2.7 wadda ta yi shekaru tana kai ni gonata ta bayan Dukku ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, sai na sayar da ita don in cika rabin kuɗin sabuwa, saboda wani dillali a Abuja ya rantse mini cewa wata uku kacal zan jira. Na saki reshe na kama ganye. Rasit ɗin da ya ba ni layi biyu ne: an karɓi kuɗi kaza daga wane a matsayin kafin alƙalamin mota. Babu lambar shasi, babu cikakken farashi, babu ranar miƙawa. Abokina ne ya haɗa mu, shi ya sa na ji nauyin in tsananta tambaya.

A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a farashin hukuma cikin 'yan kwanaki. Ba a yi mako biyu ba mutumin ya kira ni da murya mai taushi, ya ce farashi ya canza, kuɗin kwastan ma ya tashi tunda da dala ake lissafa shi, amma kada in damu, motata tana kan ruwa. Wannan kalma ta “tana kan ruwa” na ji ta har na haddace yadda yake jan ta.

Cikin watan Agusta, damina ta nutsa, na gaji da gafara sa ban ga ƙaho ba, na bar Gombe da asuba a motar haya, muka bi Bauchi da Jos, na isa ofishinsa ana kiran azahar. Aka zaunar da ni a kujerar baƙi, aka ajiye mini ruwan gora, aka ce Oga yana ganawa. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar a wurin. Ta gilashi ina kallon wata farar Hilux a harabar, irin wadda na biya wa kuɗi sak, kujerunta ko leda ba a cire ba, har na fara cewa a raina wahala ta ƙare. Sai ga wani matashi cikin shadda mai maiƙo ya fito daga ofishin da aka hana ni shiga, makulli a hannunsa, ya shiga ya tayar da ita ya fice ta gabana. Yaron da ke wanke motoci ne ya ji tausayina, ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Baba, uku ne suka zo makon nan, duk an ba waɗanda suka biya sabon farashi lakadan.” Nan na gane da kuɗina ake juyawa. Da Ogan ya fito dab da magariba, dariya yake yi, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya ce tawa tana kan ruwa. Wallahi ban iya ce masa komai ba, na kwana a masaukin baƙi ina kallon silin, ina tuna furfurata da yadda aka shanya ni wuni guda kamar mai neman sadaka. Har yau idan na tuna hannun nan biyu raina ɓaci yake yi.

A wannan daminar ce motar da na ɗauka haya ta kafe a laka da takin zamani a bayanta, sai da tarakta ta zo washegari, ruwa ya riga ya taɓa buhuna, masara kuma ta sha taki a makare.

Amma kada in zalunci kowa, ba kowane jinkiri ne ƙarya ba. Bayan Land Cruiser 300 ta fito a 2021, kamfanin Toyota da kansa ya sanar a farkon 2022 cewa mai saye a Japan yana iya jiran shekara huɗu. Idan haka ta faru a ƙasar da ake ƙera ta, ba abin mamaki ba ne mu a nan mu jira watanni, ga tafiyar jirgin ruwa, ga fitar da kaya daga tashar Legas. Bambancin shi ne mai gaskiya zai nuna maka takarda, lambar shasin motarka da takardar lodin jirgi, mai wasa da hankali kuwa baki kawai zai ba ka. Daga baya wani malaminmu ya tuna mini cewa ko a shari'a, cinikin da ake ba da kuɗi kafin kaya sai an san siffar kayan an kuma yanka ajali sananne, ni kuwa cinikin biri a sama na yi.

Game da ƙarko, Alhaji, kada sunan da ke gaban mota kaɗai ya ruɗe ka. Sabon samfuri a shekarunsa na farko shi ma gwaji ne. Land Cruiser 300 ta bar injin V8 da aka saba da shi ta koma V6 mai turbo biyu, kuma a 2024 Toyota ta janye motocin Tundra da Lexus LX masu irin wannan injin kimanin 102,000 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta. Abin da ya daɗe a hanya shi ne abin dogaro, kamar Land Cruiser 70 da ake ƙerawa tun 1984, ko injin 2.7 ɗin nan da kowane bakanike a Gombe ya san cikinsa kamar aljihunsa. Masu injin gas na 2.4 da 2.8 sun fi ƙarfin ja da kaya, sun kuma fi tattalin mai, sai dai injektocinsu ba sa yafe gurɓataccen gas, jarka ɗaya ta bakin hanya mai ruwa a ciki tana iya jawo maka gyaran da zai sa ka manta da rangwamen. Ka kuma tambaya ko wadda za a kawo maka ta kasuwar ƙasashen Larabawa ce ko ta Turai, domin ta Turai tana zuwa da matatar hayaƙi da ba ta jituwa da man da ba shi da tsabta.

Ita kuma wadda ke ajiye ɗin, ban ce ka raina ta ba. Ka ɗauki bakanikenka ku je tare, ya shiga ƙarƙashinta ya duba. Sannan ka sa a buga waya Ƙofar Ruwa a Kano a tambayi filtar mai da takalmin birki da gilashin gaba da fitilarta, a ji ko akwai su a ƙasa ko sai an yi oda. Maƙwabcina yana da wata sabuwa dal, kyakkyawa, mai sanyin ciki, ta yi wata biyu a rufe da tamfol saboda wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba. Ka tambayi inda ake yin sabis ɗin garanti, domin idan sai Abuja ko Kano, to kowane canjin baƙin mai ya zama tafiyar kwana biyu, in kuma ka yi a gida su ce garanti ya faɗi. Ka tuna da ranar sayarwa ma, don a nan ne Hilux take fanshe tsadarta.

Idan ka zaɓi jira, kuma ni a ganina ga mai hanyar gona irin tamu ta cancanci a jira ta, to don Allah kada ka sayar da wadda kake hawa sai sabuwa ta shigo gidanka. Kafin alƙalamin ya zama kaɗan, ta banki, cikin asusun kamfani ba na mutum ba. A rubuta cikakken farashi, da wanda zai ɗauki ƙarin idan dala ta motsa, da ranar miƙawa, da ranar da za a mayar maka da kuɗinka idan an saɓa, lauya ya sa hannu ko da ɗan'uwanka ne ya haɗa ku. Kuma ka lissafa watannin da kyau: wata takwas na dillali ka ɗauke shi shekara, ka duba ko damina za ta faɗo a ciki.

Tawa ta iso a Fabrairun 2024, wata goma sha ɗaya cif, lokacin da dala ta haura 1,500. Sai da na fitar da masarar da na ajiye a Tudun Hatsi na haɗa da wani fili kafin na cika ƙarin da ya ɗora mini, kuma ruwan toka aka kawo, ba fara ba. Motar dai ban ga laifinta ba, ta ratsa lakar da ta riƙe waccan ba tare da na sauka ba. Shi kuwa mutumin, kowace sallah sai ya kira ni gaisuwa, ina kallon wayar har ta katse. Ka fara tambayar naka dillalin lambar shasi, ka dawo ka gaya mana abin da ya ce.