Zafin janareta zai iya cajin waya? Gaskiyar magana kan jel mai ba da lantarki

Tambaya: Malam, na ga ana yaɗa cewa an ƙirƙiro wani jel da ke mayar da zafi lantarki. A shagona na Agege janareta wuni yake yana aiki, salansarsa ba ta taɓuwa. Zan iya manna jel ɗin in caja waya? Daga wani mai gyaran waya.

Amsa: Jel ɗin gaskiya ne, amma ba zai caja maka waya ba, Malam.

Zafi shi kaɗai ba ya ba da lantarki, sai an samu bambanci: gefe ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi. Tun 1821 Thomas Seebeck, ɗan Jamus, ya gano haka a ƙarafa. Na'urorin da ke kasuwa, na bismut da teluriyam, ilaktiron ne ke gudu a cikinsu, kuma kowane ɗan ginshiƙi yana ba da kusan milibolt 0.2 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kan kowane digiri na bambanci. Shi wannan jel ɗin, gishiri ne narkakke a ciki, ayon ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin gishirin masu ɗauke da caji, su ke ƙaura zuwa gefen sanyi. Wani nau'in ayon ya fi wani sauri, sai caji ya taru gefe guda. A 2020 masu bincike a Shenzhen ta Sin suka samu milibolt 17 a kowane digiri da jel na jalatin, fiye da ninki 80 na wancan ke nan.

Sai dai bolt daban, ƙarfi daban. Da suka jera ƙananan gutsattsarin jel ɗin guda 25 a jikin mutum, sun samu sama da bolt 2, amma ƙarfin bai wuce maikirowat 5 ba (maikirowat miliyan ɗaya ne wat ɗaya). Batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19. Yi lissafin da kanka: fiye da shekara 400 kafin ya cika.

Akwai kuma matsalar da masu tallata labarin ba sa faɗa. Ayon ba ya bin wayar wuta yadda ilaktiron ke bi; in ya isa bakin ƙarfen da ke haɗa jel da wayar wutar, nan yake tsayawa. Don haka nau'in da ya dogara ga ƙaurar ayon kaɗai kamar kafasita yake aiki, wato abin da ke tara caji ya sake shi: zafi ya tara caji, ka jona kaya ka zuƙe, a janye zafin ayon su koma, sannan a sake. Mai ba da wuta ba yankewa shi ne wanda aka sa wa sinadarai masu musayar ilaktiron, irin ferisayanaid da ferosayanaid, su kuma su kaɗai bolt ɗinsu kusan milibolt 1.4 ne kawai a kowane digiri. Sannan jel ruwa ne mafi yawansa, an yi shi ne don zafin da bai kai digiri 100 ba. A salansa, nan take zai narke ya bushe. Inda zai yi amfani shi ne ƙananan na'urorin awo na jiki ko na bututun masana'anta, masu cin wuta ƙalilan.

Tambaya: To farantin da ke cikin ƙaramin injin sanyaya ruwan sha fa? An ce in aka gasa shi yana ba da wuta. Daga wata ɗaliba a Idi-Araba.

Amsa: Yana bayarwa, Malama, kuma gwaji ne mai kyau. Yawanci farantin mai lamba TEC1-12706 ne, faɗinsa santimita 4 kowane gefe. Ki shafa farin man furosesa, wato wanda ake shafa wa furosesar kwamfuta don zafi ya ratsa, siriri a fuska biyun. Ki ɗora gwangwanin ruwan zafi mai shafaffen gindi a gefe ɗaya, ɗayan ki danna shi a kan alminiyam mai haƙarƙari na tsohuwar kwamfuta, tsome cikin ruwan ƙanƙara. Ki jona wayoyin farantin biyu da mitar awon bolt, ki sa ta a DC. Da bambancin digiri 40 za ki ga bolt ɗaya zuwa biyu, ƙarfin kuma bai kai wat ɗaya ba, alhali waya na neman bolt 5 tsayayye.

Za ki ga lambar tana sauka bayan 'yan mintuna. Ba lalacewa ya yi ba, zafi ne ya ratsa zuwa gefen sanyi, kuma iskar Legas mai digiri 30 ba ta taimakawa. Kada ki ɗora shi a wuta kai tsaye, domin dalmar ciki a yawancinsu tana narkewa wajen digiri 138, daga nan ya tashi aiki.